Yadda muka yi jinyar ƙafar Baba da audugar da ke komawa kamar kunu

Wata huɗu cur muka yi muna fama da ƙafar Baba. Yana da ciwon suga tun da daɗewa, ƙaya ce kawai ta soke shi a gonarshi ta hanyar Tibiri, bai ma ji ba sai da Inna ta ga jini cikin takalminshi. Ni ne babba cikin gida, to wankin ciwo a kaina ya faɗo, kuma da farko abin da na tashi na tarar shi na yi, a buɗe kafso a barbaɗa garin, a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Sati uku muna haka, ciwon sai ƙara rami yake yana ruwa har da wari.

Da muka kai shi asibiti likita ya yanke mataccen naman, ya ba da maganin sha, sannan ya rubuta mana wata auduga wai alginate. Sai da na zaga farmasi huɗu cikin Maradi ban samu ba, ƙarshe wani ɗan uwa ya aiko mana daga Yamai, kuma tsada kam ba a magana.

Ranar da na fara buɗe bandejin wallahi gabana ya faɗi. Na sa abu fari busasshe, bayan kwana biyu na tarar da shi ya koma wani abu mai yauƙi kamar kunun da ya kwana, na ce shi ke nan mugunya ce ƙafa ta ruɓe. Ƙanwata da ke karatun shimi, wato ilimin sinadarai, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ita ta kwantar min da hankali, ta ce Yaya ai aikinshi ke nan. Daga ciyawar teku ake ciro shi, dangin ƙaro ne da sitaci, wato suga ne da aka jera shi doguwar sarƙa, in ya haɗu da ruwan ciwo sai kalsiyam ɗin da ke jikinshi ya yi musaya da gishirin ruwan, ya kumbura ya zama jel, ya shanye ruwan da ya ninka nauyinshi sau da yawa amma bai bar wurin ya bushe ƙamas ba. Ta ce tun 1962 wani bature George Winter ya nuna ciwon da aka rufe da danshi ya fi wanda aka bari a iska saurin yin sabuwar fata. Na daɗe ina juya maganar nan, don mu duk rayuwarmu akasin haka aka koya mana.

Alginate ɗin namu akwai azurfa a ciki, jel ɗin ke riƙe ta yana sakinta kaɗan kaɗan tana kashe ƙwayoyin cuta, ba irin barbaɗen kafsona ba da ruwan ciwo ke wanke shi nan take. Ƙanwata ta ce haka ake ɗura wasu magungunan ma cikin jel su dinga fita a hankali daidai wurin da ake so. Akwai kuma wani mai suna chitosan da ake yi da ɓawon jatan lande da ƙaguwa, shi da kanshi yake manne wa jikin ƙwayar cuta ya lalata ta, yana kuma tsaida jini. Baba na jin haka ya ce to ya halaccinshi, sai da limamin unguwarmu ya ce mishi abin ruwa ai halal ne a wajen Malikiyya sannan ya saki ranshi, ko da yake ba shi muka sa ba ma.

Kuskuren da har yanzu ke min ciwo, da ciwon ya fara kyau ruwan ya ragu sai na ci gaba da sa alginate ɗin don ina ganin shi ya yi mana rana. Ga zafin watan Afrilu, ba ruwan da zai sha, sai ya bushe ya manne, na ja shi ya taho da sabon naman nan ja da muka yi sati da sati muna jira. Baba bai ji zafi ba saboda ƙafar ba ta ji, ni ne na yi kuka. Likita ya ce da na jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti tukuna, kuma busasshen ciwo wani jel daban yake so, na cikin tib wanda kusan duk ruwa ne, shi ba shanyewa yake ba ƙara danshi yake. Ya kuma ja min kunne kada jel ya taɓa lafiyayyar fatar gefe, sai ta yi fari ta jiƙe kamar hannun mai wanki.

Kuma duk wannan da bai yi komai ba in suga bai sauka ba, kuma in Baba ya ci gaba da taka ƙafar. Hana shi zuwa gona ya fi wankin ciwon wuya, sai da Inna ta ɓoye mishi takalma. Yanzu ciwon ya rufe saura tabo kamar girman dala, kullum bayan isha'i sai na haska tocila na duba tsakanin yatsunshi ɗaya bayan ɗaya kafin ya kwanta.