Abin da na fito da shi daga barga

Na ajiye aikin horon dawaki a bargar da kuka san ni da ita a nan Katsina. Masu tambaya sun yi yawa, gara in yi magana sau ɗaya kowa ya huta.

Duk dokin da aka ce mai taurin baki ne, a binciki hannun da ke hawansa. Tsakanin haƙoran gaba da turamen doki akwai fili babu haƙori, nan linzami ke kwanciya, kuma 'yar fata ce kawai a kan ƙashi. Mai fizgar linzami kullum sai ya sa wurin ya kumbura ya yi kanta, doki ya daina jin hannu. Daga nan sai a tafi kasuwa neman linzamin da ya fi wancan ciwo.

Akwai wani akawal, wato baƙin doki, da aka danƙa mini tun yana duƙushi. Da ragama na fara shi, sannan linzami mai sauƙi, kilisa da sanyin safiya, har ya kai in na matse ƙafa kaɗan ya ɗauki sassaƙa, in na nutsa cikin sirdi ya tsaya cak. Ana jibi Sallah ɗan maigidan ya dawo hutu, ya ce shi zai hau a Hawan Bariki. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar masa linzaminsa, kuma dokin nan bai san ƙaimi ba." Alhaji maigidan ko kallona bai yi ba. "Kai ka saya mini dokin?"

Aka ɗaura masa linzami mai zobe. Yaron so yake doki ya riƙa miƙewa da ƙafafun gaba ana ɗaukarsa a waya, don haka ya dinga soka ƙaimi yana jan linzami a lokaci guda, ƙafa na cewa tafi, hannu na cewa tsaya. Da magariba aka dawo mini da shi kumfar bakinsa ja, haƙarƙari duk sawun ƙaimi, ko dusa ya kasa ci. Washegari a gaban yaran barga aka ce ban iya horo ba, aka kuma cire kuɗin magani a albashina.

A wasan ladabin doki na Turawa da suke kira diresaj, wanda ke cikin gasar Olamfik tun 1912, alƙalai na ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10, kuma da zarar an ga jini a bakin doki sai a kaɗa ƙararrawa a fitar da mahayin. Ba wai su waliyyai ba ne. Su ma suna da masu danne kan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji don ya yi kyau a ido. Amma dai can mahayi ake kora. Mu kuwa, a garin da Sarki Dikko ya kafa ƙwallon dawaki, Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kanta, mai share turke ake tuhuma.

Sauran darussan da na fito da su ba su da tsawo. Daina kallon wuyan doki, dubi inda za ka. Kada ka maƙale sirdi da gwiwa, zamanka ne zai sandare, bayan doki ma ya sandare. In ya yi abin da kake nema, sassauta hannu nan take, ladansa ke nan. Kada ka maimaita abu guda har ya gundure shi, kuma ranar da ka fito gida da fushi ka bar sirdi a rataye.

Na ji an ɗauko wani daga Maraɗi ya gyara bakin akawal. Shekaranjiya kuma aka turo yaro ya tambaye ni wane linzami nake sa masa. Na faɗa masa, saboda dokin.