Godiya Bayan Zaman Kallon Fim Ɗin Kabuki

Assalamu alaikum. Kwamitin shirya zaman kallo na miƙa godiya ga duk wanda ya zo ranar Asabar aka kalli Zangiku Monogatari, fim ɗin da Kenji Mizoguchi ya yi a Japan a 1939 kan wani ɗan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan. Baƙi da fari ne, ya haura awa biyu, amma kuka zauna har ƙarshe. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga ɗan'uwan da ya ara mana majigi, ya kuma hana a ƙara masa haske. Mizoguchi yana ajiye kyamara nesa, ya bar fitowa guda ta yi tsawo babu yankewa, kuma yawanci cikin duhu. In aka ƙara wa majigin haske don a ga abin da ke cikin duhun, farar kwalliyar 'yan wasa sai ta cinye ido da baki. Maganinsa rufe tagogi da baƙin yadi, abin da matasanmu suka yi ke nan.

Mun gode wa malamar da ta yi bayanin onnagata, mazan da ke fitowa a matsayin mata tun bayan da hukuma ta hana mata hawa dandalin kabuki a 1629. Aikin ba a murya kaɗai yake ba. Ɗan wasa zai haɗe gwiwoyi ya ɗan rusuna, ya ja kafaɗu baya ya sauke su, ya karkato yatsun ƙafa ciki. Mai koyo ma takarda ake maƙala masa tsakanin gwiwoyi, ya yi ta tafiya kada ta faɗi.

Haka 'yar'uwar da ta gwada mana kwalliyar. Ana fara murza man bintsuke a tafin hannu har ya yi laushi, a shafe fuska da wuya, a danne gira da wani mai tauri. Sannan a dama farar hoda da ruwa, a shafa da faffaɗan buroshi, a bi da soso ana daddannawa. Man ya yi kauri a wani wuri, farin zai yi dabbare-dabbare. Ruwa ya yi yawa, ya zubo. A da hodar da dalma ake haɗa ta, ta kuwa nakasa 'yan wasa da dama.

Masu muhawara kan Otoku, mai raino a gidan su Kikunosuke jarumin fim ɗin, kun raya zaman. Ita kaɗai ta gaya wa Kikunosuke cewa wasansa bai kai ba, lokacin da kowa ke yabonsa albarkacin sunan gidansu na Onoe, fitaccen gidan 'yan wasan kabuki. Ta rasa aikinta, ta bi shi yawon wasa cikin talauci, ta roƙa masa dama bisa sharaɗin ta rabu da shi, ta rasu yana cikin jerin gwanon jiragen ruwa a Osaka. A ganinmu fim ɗin tuhumar tsarin gadon suna yake yi, ba yabon haƙurinta ba, kodayake wasu dattawanmu ba su yarda ba.

Iyayenmu mata da suka kawo zoɓo, da yaran da suka kwashe kujeru suka share ɗakin, Allah ya yi muku albarka.