Abin da na gani yau a layin 'yan gwal

Yau na raka Yayata kasuwar Balogun da ke Legas, za ta sayar da tsohuwar sarƙarta ta cika kuɗi ta ɗauki sabuwa. Layin nan kaya iri ɗaya ne a kowane shago, na Dubai, na Saudiyya, na Italiya, kuma farashin giram kusan ɗaya, tunda kowa dala da kasuwar duniya yake kallo. Amma shagon wani dattijo ne ya cika da mata, har da Yarabawa. Da ya karɓi sarƙar sai ya juyo da sikelin yana kallonmu, ya nuna mata lambar da ke jikin maƙullin, wadda ke nuna karat, wato yawan tsantsar gwal da ke cikin sarƙar, ya ce: "Hajiya, 875 ne a nan, karat 21 ke nan. Na 18 da kike faɗa 750 ake bugawa. Kuɗinki sun fi abin da kika zo da shi a rai." Ya cire nauyin duwatsun, ya gaya mata kuɗin ƙira ba sa dawowa, ya rubuta komai a rasit.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Da ya yi shiru, ba mai sani. Gwal kaya ne da mai saye ba ya iya tantance shi da ido, don haka wanda aka yarda da sikelinsa ya riga ya yi wa sauran nisa. Sabon yayi ana kwaikwayonsa cikin mako guda, farashi kowa na iya karyawa, amma amanar da mata ke ba juna labari a gidan biki sai an shekara ana ginawa. Ni da nake sayar da atamfa a Agege, tun ɗazu nake tambayar kaina me nake da shi wanda maƙwabcina ba zai iya kwaikwaya gobe ba.