Kashin salwa, iskar gas da lissafin janareta

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin salwa da sassafe ya san warin nan mai kama idanu da yake tashi daga farantan da ke ƙarƙashin keji. Amoniya ce, kuma ita ce ta fara sa ni tunanin yadda zan yi da kashin tsuntsayena, domin salwa ƙaramar halitta ce amma ba ta da ƙaramin aiki: tana fara ƙwai tun tana da mako shida zuwa bakwai, tana cin abinci gram 20 zuwa 30 a rana, kuma kashin da take zubarwa bai yi nisa da wannan nauyin ba. Idan mutum yana da dubu ɗaya, kullum yana da bokiti cike da zai nema wa wurin zubarwa.

Dabarar fitar da gas daga ƙazanta ba sabuwa ba ce. Tun a 1776 Alessandro Volta ya tara iskar da ke ɓulɓulowa daga taɓon wani tafki a Italiya, ya ga tana kama wuta. Abin da muke yi yau shi ne kwaikwayon wannan taɓo a cikin tanki rufaffe wanda iska ba ta shiga, inda ƙwayoyin halitta suke ruɓar da kashin, su saki gas da rabinsa ko fiye iskar mitan ce, wadda ita ce mai ci da wuta. Suna son ɗumi, kamar digiri 35, kuma kayan da aka zuba yana bukatar kwana 20 zuwa 40 kafin ya gama ba da abin da ke cikinsa.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka kashi kashi ne. Na dama na salwa zalla da ruwa, na cika tanki, na zauna jira. Mako biyu gas yana zuwa kaɗan-kaɗan, daga nan sai ya ɗauke ɗif, in na buɗe bututu sai wari kawai, ashana ma mutuwa take yi a bakinsa. Daga baya na gane dalili. Abincin salwa yana da yawan furotin, saboda haka kashinta ya cika naitirojin, wanda a cikin tanki yake rikiɗewa ya zama amoniya mai kashe ƙwayoyin da ke yin mitan ɗin. Su kuwa abin da ya dace da su shi ne kabon ya ninka naitirojin sau 20 zuwa 30, alhali a kashin tsuntsaye da kyar yake wuce sau goma. Dole ta sa na kwashe rabin tankin, na sa ɗanyen kashin shanu a matsayin iri, sannan na riƙa haɗawa da yankakken ciyayi don ƙara kabon. Garin katakon da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki kuwa ban ba kowa shawarar ya bari ya shiga ba, domin ba ya ruɓewa, sai dai ya taso sama ya yi ɓawon da ke toshe hanyar gas. Ranar da na ga harshen wuta shuɗi ya tsaya cak a kan murhu, na daɗe ina kallonsa.

Wajen lantarki ne nake ganin mutane suna ruɗin kansu. Kubik mita ɗaya na wannan gas yana ɗauke da ƙarfin zafi kamar kilowat shida na awa ɗaya, amma idan aka bi da shi ta ƙaramin janareta abin da ke fitowa a matsayin wuta bai cika wuce biyu ba, sauran duk ya tafi a zafin inji da hayaƙi. Kashin salwa dubu ɗaya kuwa gas kaɗan yake bayarwa, wanda janareta zai zuƙe cikin ɗan lokaci. Ga kuma wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke biye da gas ɗin, wadda in ta haɗu da danshi take cinye ƙarfe. Sai da ta lalata mini man inji sannan na yarda na sa mata abin tacewa, wato gwangwani cike da soson ƙarfe mai tsatsa, tare da kwalba a ƙasan bututu mai tare ruwan da ke taruwa.

A ganina janareta na mai dubun-dubatar tsuntsaye ne, ko kuma maƙwabtan masu kiwo da za su haɗa kashinsu a tanki ɗaya. Ni dai na mayar da nawa gas ɗin ɗakin 'yan tsaki, waɗanda a makonsu na farko suke bukatar ɗumi kusan digiri 35 dare da rana, kuma a can babu abin da ke salwanta tsakanin tanki da fitilar ɗumama. Ruwan da ke malalowa daga ɗaya ɓangaren tankin, wanda warinsa ya ragu sosai, ina sirka shi in zuba wa shuka, domin naitirojin ɗin da ya so ya kashe mini tanki yana nan a cikinsa bai je ko'ina ba.