RX-8 ɗita ta tashi da zafinta

Jiya bayan la'asar na shiga gidan man unguwarmu, na kashe mota, aka zuba mini lita 20, na biya, na murɗa makulli, ta tashi. Iyakar labarin ke nan. Mai Corolla zai ce to sai me, amma ku da kuka san halin RX-8 kun san abin da nake nufi. Wata huɗu cur ban isa in kashe motar nan da zafinta ba sai in ina da rabin awa ta zaman banza, don ba ta sake tashi sai ta huce. Zama na yi a ciki ina ta dariya ni kaɗai, har na bayana ya gaji ya danna mini oda.

A wannan gidan man ne ta kunyata ni a watan Afrilu, rana tsaka, layi ya miƙe har titi. Na yi kik, na sake, na sake, tana juyawa amma ta ƙi kamawa. 'Yan adaidaita biyu da yaron da ke ba da mai suka taru suka tura ni, ɗaya yana cewa, "Alhaji, dama motar tsere ma turawa ake yi?" Na sa giya ta biyu, na saki kuloci, ko taku goma ba su yi ba ta kama kamar ba ita ba. Da ina da hankali, a ranar zan gane inda matsalar take. Sai da na ƙona kuɗi tukuna.

Ga waɗanda ba su san tarihinta ba: Mazda RX-8 ce ta 2005, mai injin rotari (injin da ba shi da fistin, wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku da ake kira rota ne ke juyawa a cikinsa), ja, giya shida ta hannu, shigowar Amurka, na saye ta a hannun wani a Abuja cikin Janairu. Abin da na biya ba zai sayi Corolla sa'arta ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tambaya, amma idona ya riga ya rufe. Da sassafe muka haɗu, hunturu na kaɗawa, taɓa makulli ɗaya ta tashi. Muka zaga, na ja ta har injin ya kai kusa da juyi 9,000 a minti inda take yin ƙarar gargaɗin nan, daga nan zuciyata ta gama saye. Da muka dawo, mutumin bai kashe ta ba har muka gama ciniki. Ni a zatona yana kiyaye dokar nan ce ta kada a kashe injin rotari kafin ya gasu, har ina yaba masa a raina. In za ka sayi irinta, ka bari ta yi zafi sosai, ka kashe da hannunka, ka jira minti biyar, ka sake tayarwa. In mai ita ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Tsarin da na rubuta tun farko shi ne watan farko sabis, na biyu ƙafafu, na uku fenti. Takardar tana nan a cikin mota, ko layi ɗaya ban cika ba. Da zafi ya shigo Kano a watan Maris komai ya koma kan abu ɗaya.

Bakaniken farko da na kai wa ya leƙa salansa, ya auna baƙin mai, ya ce, "Oga, tana shan mai, sai an yi ringi." Na ce masa injin ba shi da fistin balle ringi, kuma Mazda da kanta ta sa masa famfon da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta don ya ƙone, haka aka halicce shi. Ya dube ni kamar na zagi sana'arsa. Na biyu ya fi shi gaskiya, ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, shawararsa a ciro shi a dasa injin Camry kowa ya huta. Ban ga laifinsa ba. Amma in injin Camry nake so, ai da Camry na saya.

Sai na koma kan kwayil, masu ba fulogi wuta, tunda kowa ya san nan ne raunin motar. Na sayi guda huɗu a wani shago kan naira 58,000, cikin kwali mai tambari, mai shagon yana rantsuwa na asali ne. Arha dai ba ta ado. Sati uku suka yi. Wata rana da daddare ina dawowa gida sai ta fara shessheƙa, wutar inji na ƙyaftawa, ƙarfi ya zube. Na tsaya a gefen titi na duƙa, na hango abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ya yi jawur kamar garwashin mai tsire. Man da bai ƙone a inji ba ne ke ƙonewa a can. Allah ya sa na tsaya da wuri bai narke ba. Daga nan na haƙura na yi odar na gaske daga Amurka: kwayil huɗu, wayoyinsu, da fulogin NGK, biyu RE7C-L biyu RE9B-T. Da kuɗin kawowa abin ya tasar ma naira 400,000. Ban gaya wa uwargida adadin ba har yau, in ta karanta wannan kuma shi ke nan.

Ni na ɗaura su da kaina ranar wata Asabar. Ta bonet hannu ba ya kaiwa ga fulogin yadda ya kamata, sai ka cire tayar gaba ta hagu ka shiga ta nan, kana zaune a ƙasa kanka cikin ramin taya. Kuskuren da na yi, don kada wani ya maimaita: na musanya wayoyin rota ta baya, ta sama ta koma ƙasa. Motar ta tashi, amma sulo ɗinta na rawa, ba ta da kuzari. Awa biyu ina zargin sabon kaya kafin in lura. A jikin injin an rubuta L da T kusa da kowane rami, L na ƙasa, T na sama, ƙura ce ta rufe su. Ka goge da tsumma, ka liƙa wa kowace waya alama kafin ka zare ta.

Da na gyara, mota ta dawo hayyacinta. Ja ya dawo, shan fetur ya ɗan lafa, da safe taɓawa ɗaya. Na je na zaga, na dawo ƙofar gida, na kashe, na jira minti biyar, na yi kik. Ta ƙi. Wallahi ranar na kusa sa ta a kasuwa. Dubu ɗari huɗu da ɗoriya, kuma ina nan inda nake.

Abin da nake gudu tun farko shi ne awon matsi, wato auna ƙarfin da inji ke matse iska da shi, don na san in ya faɗi, maganar ta zama ta buɗe inji. Na'urar awon rotari ta ainihi ban samu mai ita a kusa ba, sai na bi dabarar da aka saba: ma'aunin injin fistin, a cire masa ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska, inji da zafinsa, totur a ƙasa, a cire wayar sensar da ke gaban inji don kada ta ba da mai ko wuta. Ƙanena na kik, ni ina ɗaukar allurar da waya, daga baya muka kalli bidiyon a hankali. Kowace rota fuska uku gare ta, don haka bugu uku kake nema, kuma su zo daidai da juna. Sun zo daidai, gaba da baya, wato babu sil ɗin kusurwa, ɗan ƙarfen da ke toshe iska a bakin rota, da ya karye. Amma adadin ya yi ƙasa ƙwarai, har gabana ya faɗi. Littafin Mazda ya ce lafiyayyen inji 120 ne a ma'aunin psi, mafi ƙaranci kuma wajen 98, nawa ko kusa bai kai ba.

Sai da na sake karanta layin na ga abin da na tsallake: wannan adadi a juyi 250 cikin minti ake nufi. Na jona ɗan abin karanta kwamfutar mota da wayata, na taka totur har ƙasa don ta yanke mai, na yi kik ina kallo. Juyi 185 a minti. Wani lokaci 190. A nan tura motar da aka yi mini a gidan mai ta faɗo mini a rai. Injin rotari in yana juyawa a hankali iska na samun lokacin sulalewa ta gefen sil, in ya yi zafi ƙarfe ya buɗa abin ya ƙaru. Turawa ta fi kik ɗina saurin juya shi, shi ya sa ta kama nan take. 'Yan adaidaita sun ba ni amsa kyauta tun Afrilu, ban karɓa ba.

Na fara da batir, don wanda na tarar a ciki ƙarami ne, na wata mota daban aka cusa. Sabo ya kai ni 200. Sannan wani dattijo mai rewaya, wanda shi ma bai taɓa taɓa rotari ba amma ya san wuta, ya bi wayar as da hannu har inda ta kama jikin mota, ya kwance ta ya nuna mini. Ƙarƙashinta ya yi kore shar, rabin zaren ya ci. Ya ce, "Yaro, ko injin jirgi ne, in wuta ba ta da hanyar komawa ba inda za shi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Naira 4,000 ya karɓa har da sabuwar waya, muka kai 215. A duk abin da na kashe, wannan ce ta fi yi mini daɗi.

Saura kik ɗin kansa. Na motocin farko, 2004 da 2005, raggo ne, Mazda ma ta sauya shi da mai ƙarfi daga baya, wanda lambarsa ta fara da N3Z1. Na aika Legas a nemo mini, aka turo na mai giyar otomatik, bai shiga ba. Mayarwa da jiran wani ya ci sati biyu da kuɗin mota sau uku. Na biyun ya iso ranar Laraba, na ɗaura shi da daddare da fitilar waya a baki, sauro na cin rabonsa. Tun daga sautin na san an samu canji, da can kamar tana jan ƙafa, yanzu kuwa wani irin kaifi gare shi. Waya ta nuna 270. Na goge sensar gaban inji, wadda ƙurar ƙarfe ta manne mata, na kunna makulli na taka birki sau 20 da sauri har allurar baƙin mai ta motsa, alamar kwamfuta ta manta tsohon lissafi. Washegari na maimaita awon matsi: gaba wajen 105, baya wajen 100.

Ba na yaudarar kaina. In aka mayar da wannan lissafi kan 250 zai ɗan sauka, in aka duba cewa Kano tana kusan mita 500 sama da teku zai ɗan hau, ma'aunin kuma na aro ne daga wani aiki. Duk yadda aka juya, rota ta baya tana bakin layi. Kik mai sauri bai mayar da ƙarfen da ya ci ba, rufa masa asiri ya yi. Kuma yanzu damina ce, gari da sanyi-sanyi, jarrabawar gaske sai bazara ta dawo. Kafin nan na fara zuba man babur mai hayaƙi a tanki, kamar mililita 4 a kowace lita. Na san akwai masu ganin ɓata kuɗi ne tunda famfonta mai ɗiga baƙin mai na aiki, ni dai hankalina ya fi kwanciya da shi. Yaron gidan mai kuwa har ya daina tambaya, in ya gan ni da 'yar kwalbar sai ya kau da kai yana murmushi.

Fanka ɗaya ta lagireto tana wani ƙara da ban yarda da shi ba, ita ce aikina na gaba, fenti ya ci gaba da jira. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan ja ta zuwa Zariya, kuma da gangan zan tsaya a Kwanar Ɗangora in kashe ta da zafin hanya in ga abin da za ta yi. Ƙanena zai biyo ni a baya da tasa motar, da igiya a but. In akwai wanda ke da na'urar awon rotari ta gaske tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, don Allah ya yi mini magana, zan zo har inda yake, man zuwa da dawowa a kaina.