Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan hatsarin jirgin da ya rutsa da Mma

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillah jiya da la'asar aka sallamo Mma daga asibiti, tana gida Aboabo yanzu, ƙafar ce dai har yanzu take ja amma tana cin abinci tana sallarta a zaune.

Tun ranar da jirgin ruwan nan ya kife a tafkin Volta wayata ba ta huta ba, wanda na ɗauka da wanda ban samu ɗauka ba dan Allah ku yafe min. Masu turo momo (kuɗi ta waya), matan layinmu da suka riƙe mana yara da girki, da direban da ya kwashe ni daga Kumashi cikin dare muka bi Ejura da Atebubu har Yeji ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya, Allah ya saka muku da alheri. Masuntan nan biyu da suka tarar da ita ta rungume galan ɗin manja suka jawo ta da bakin zaninta, ko sunansu ban sani ba wallahi, duk mai zuwa bakin ruwa ya isar min.

Sai wani jami'i cikin masu bincike, shi kam godiyarsa daban ce. Ya ja kujera ya zauna gefen gadonta da ɗan littafinsa yana tambaya a hankali, mutum nawa, kaya nawa, an ba ku rigar ruwa? Wasu har sun fara cewa a bar maganar ai ƙaddara ce, to ba wanda ya musa ƙaddara, amma Mma ta ce tun kafin a tada inji tana zaune tana taɓa ruwa da hannu saboda buhunan gawayi da doya da kwandunan kifi da aka lafta, ta yi magana aka ce Hajiya in kina tsoro ki sauka. Rigar ruwa kuwa ko ɗaya ba ta gani ba. Da iska ta taso mai jirgin ya bar hanyar da aka saba ya yanki gefe, sai ji suka yi ƙum daga ƙasa, ruwa ya fara ɓulɓulowa ta tsakanin katako.

Jami'in nan ne ya fahimtar da ni cewa da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya cinye daji ne da itatuwansa a tsaye, kututturan na nan har yau, in ruwa ya ja baya suna dab da sama ba ka ganinsu, jirgi kuma in ya yi nauyi shi ke nan. Shekara ashirin Mma tana bin ruwan nan sarin kifi ni ban taɓa sani ba, kunya ma na ji.

Waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu, za mu yi musu addu'a ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gida, kowa ya zo. Mma dai ta ce bayan sallah za ta koma kasuwa, mun yi mun yi ta ƙi, na riga na sa a nemo mata rigar ruwa tata ta kanta.