Jiya na haɗa shafi a cikin R ba tare da paste0 ba

Jama'a wallahi jiya na ji daɗin aiki. Kusan wata biyu ina haɗa rahoto na ƙananan hukumomi 44 na Kano da R, yaren kwamfuta nan na aikin bayanai, kowacce da ɗan katinta a shafi, kuma da paste0, umarnin R na manne rubutu, nake liƙa HTML ɗin, wato rubutun da ake gina shafin intanet da shi, da hannu, in ka manta rufe div ɗaya kawai, wato akwatin da ke ɗauke da kati a HTML, sai komai ya rikice, kati ya shige cikin kati, ka zauna kana laluben layi har dare.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada htmltools, fakitin nan na kamfanin Posit wanda da ake kira RStudio, shi ne ma Shiny, fakitin gina manhajar intanet da R, ke amfani da shi. Ashe tags$div da tags$p, umarninsa na yin akwati da sakin layi, suna rufe kansu da kansu. Na rubuta katin sau ɗaya, na saka shi cikin lapply don ya maimaita shi ga kowace ƙaramar hukuma, na tattara da tagList, nan take duk 44 suka jeru.

Wajen kwalliyar ne ya fi burge ni. Akwai umarnin kwalliya mai suna css a ciki, ka rubuta font_size shi zai mayar maka font-size, tunda R ba ya karɓar wannan ɗan layin (-) a cikin suna haka nan. Sai na sa sharaɗi, inda bayanai ba su cika ba katin ya fito ja, kuma alamar & da ke cikin rubutu shi yake gyara ta don kar burauza ta ruɗe.

Da save_html na ajiye, na tura wa oga tun kafin la'asar. Gobe in sha Allah taswira zan ƙara.